Wa Ke Tsaye a Gefen Mai Ba da Dariya?

Da na zo Ingila, na daɗe ina mamakin irin son da mutanen nan suke yi wa wani tsohon wasan barkwanci na BBC mai suna Only Fools and Horses. Tun 1981 aka fara nuna shi, amma har yau da wuya mako ya wuce ba a maimaita shi a wata tasha ba. Da fari ban ga abin dariya a ciki ba. Turancin 'yan kasuwar kudancin Landan ne, ga sauri ga cinye baƙaƙe, rabin maganar wuce ni take yi. Sai da kunnena ya saba, sannan na gane abin da ya riƙe wasan tsawon shekaru. Labarin ba wani mai zurfi ba ne: wa da ƙani ne talakawa, suna saye da sayar da tarkace, kullum wan yana mafarkin baɗi war haka sun zama miloniyoyi. Mutanen da aka ɗora wa labarin su ne suka mai da shi abin da ya zama.

David Jason, wanda ya fito a matsayin wan, Del Boy, ba shi aka fara nema ba. An yi wa Jim Broadbent tayi kafin shi, bai karɓa ba, daga baya ya riƙa leƙowa a matsayin wani mugun ɗan sanda. Jason gajere ne, Nicholas Lyndhurst da ya fito a ƙaninsa Rodney kuwa dogo ne siriri, kuma shekara 21 ce tsakaninsu. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Wani mai shirya wasa da ya ce a sake lale. Amma wannan rashin kamar ita ta zama jari. Tun kafin ɗayansu ya buɗe baki, ganin gajeren yana ɗaga kai yana yi wa dogon faɗa ya isa ya sa ka murmushi, kuma kana ganinsu ka san wanda ya rene wani.

Akwai wata fitowa ta 1989 da Turawan nan ba sa gajiya da ambato. Del Boy yana tsaye a mashaya yana nuna wa abokinsa Trigger yadda ake jan hankalin mata cikin ƙasaita. Sai ya jingina da kanta, bai san ma'aikacin wurin ya ɗage murfin ba, ya tafi ƙasa a miƙe kamar an sare itace, ko hannu bai kai ba. Kowa faɗuwar yake yabo, kuma ta cancanci yabo. Ni kuwa na sha maimaita wurin, idona kan Roger Lloyd-Pack, mai fitowa a Trigger. Bai yi dariya ba, bai razana ba. Waiwayowa ya yi a hankali, ya ga babu kowa, ya shiga dube-dube da fuskar mutumin da abin duniya bai taɓa isa kwanyarsa da wuri ba. Faɗuwar ta daƙiƙa biyu ce. Waiwayen Trigger ne ya ja dariyar ta yi tsawo. Da an sa wani mai rawar kai a wurin, wanda shi ma yake son a gan shi, da ya kashe wasan.

Duk lokacin da na kalli wannan, Samanja nake tunawa. Mu ma mun yi namu gwanayen, kuma ta wata fuskar mun fi Turawa sa'ar dacewa. Marigayi Usman Baba Pategi bai koyi soja don wasa ba, sojan ne na gaske. Tsawar, tafiyar, yadda yake cakuɗa Hausar bariki da Turancin buroka, duk daga rayuwarsa ya ɗebo su. Banufe ne, kuma Hausar tasa da ba ta Kano ba ce ba ta Sakkwato ba ta ƙara wa rawar gaskiya, domin haka barikin soja yake, taron ƙabilu ne. Daga rediyo a Kaduna wasan ya tashi ya koma talabijin, ya game Arewa, har sunan Samanja ya haɗiye sunan mai shi. Da ya rasu a 2023, mutane da yawa a ranar suka fara jin sunansa na yanka. Haka Karkuzu, haka Ibro. Babu wani kwamitin gwaji da ya zaƙulo su daga cikin mutum ɗari. Baiwarsu ce ta fito fili har ba a iya kau da kai.

To amma a nan ne nake ganin mun bar baya da ƙura. Mun iya gane gwani, sai mu ɗora masa komai. Wasan ya zama shi, shi ya zama wasan. Ka tambayi mutum goma da suka tashi da kallon Samanja su lissafo maka sunayen waɗanda suke tsaye a gefensa, ka ga nawa za su iya. Ba don waɗancan ba su iya ba ne, a'a, tsarin ne bai ba su wurin da za su yi girma ba. Shi ya sa in gwanin ya tsufa ko ya kwanta dama, sai wasan ya bi shi.

Dubi abin da ya faru da Only Fools and Horses a Disamban 1984. Ana tsakiyar ɗaukar zango na huɗu Lennard Pearce, mai fitowa a kakan yaran, ya rasu. Marubucin wasan, John Sullivan, bai nemo wani tsoho ya sa masa hular kakan ya ce wa masu kallo su yi kamar ba su lura ba. Ya rubuta jana'izar kakan a cikin wasan, aka yi makokinsa, kuma a wurin jana'izar ya shigo da sabon mutum, ɗan'uwan mamacin, tsohon sojan ruwa Albert. Wanda aka ba wa wannan rawa, Buster Merryfield, ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, sai bayan ritayar ya shiga wasa gadan-gadan. Ya zo da nasa salon, bai kwaikwayi wanda ya gada ba. Wasan bai girgiza ba, ƙaruwa ma ya yi, har fitowar ƙarshen shekarar 1996 ta tara masu kallo sama da miliyan 24. Gida ne mai ginshiƙai da yawa, ɗaya ya faɗi rufin bai rufta ba.

Ba kullum Turawa ke yin daidai ba. A Amurka, masu The Fresh Prince of Bel-Air sun sauya matar da ke fitowa a 'yar'uwar mahaifiyar Will Smith a 1993, Daphne Maxwell Reid ta maye gurbin Janet Hubert, suna ɗaya, gida ɗaya, miji ɗaya. Ita ta biyun ba ta gaza ba, amma sama da shekara talatin ke nan masu kallo ba su daina gardama a kai ba. A Najeriya ma an gani a Papa Ajasco, lokacin da wani ya karɓi rawar daga Abiodun Ayoyinka na wani ɗan lokaci: sanƙon yana nan, kayan suna nan, amma ido ya ƙi yarda. A wasan barkwanci mai dogon zango, mai kallo ba labari yake bi ba kamar a fim. Mutane yake ziyarta duk mako, ya san muryarsu, ya san yadda suke yin shiru. Ka sauya masa fuska, kamar ka sauya masa maƙwabci ne da dare ka ce shi ne na jiya.

'Yan wasa shida na Friends, wani wasan barkwancin Amurka, sun gane wannan da kansu. Maimakon kowa ya ja nasa, sai suka riƙa cinikin albashi tare, har a zango biyu na ƙarshe kowannensu yana karɓar dala miliyan 1 a kowace fitowa. Sun san babu ɗayansu da wasan zai iya rasawa, masu kuɗin ma sun sani.

Abin da ke damuna yanzu, in na buɗe YouTube ina kallon sababbin wasannin barkwancinmu don rage kewa, shi ne yadda ake raba rol. Sau da yawa a fili yake cewa yawan mabiya a TikTok aka duba. Sai a tara mutum biyar a ɗaki ɗaya, kowannensu tauraro ne a wayarsa, kowa na ihu, kowa na zare ido, babu mai sauraron wani. Dariya kuwa tana bukatar wanda zai tare ta. Mai wauta yana bukatar mai hankalin da zai dube shi cikin takaici. Mai cika baki yana bukatar wanda zai yarda da shi da zuciya ɗaya. Wannan rawar ta biyu ta fi wuya, domin mai yin ta dole ya haƙura a yi dariya ta dalilinsa amma a yaba wa wani.

Muna da irin waɗannan mutane. Ina ganinsu jefi-jefi, ana ba su rawar mai gadi ko ɗan aike, su faɗi magana biyu su fita, amma fuskarsu ta tsaya maka a rai fiye da ta jarumin. Da ni ke shirya wasa, kafin in sa hannu da kowane tauraro sai na zaunar da shi da mutum biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, su karanta shafi guda tare, kyamara na kan fuskar wanda ba ya magana.