Minti 12 kacal ta makara

Wato yarinya ta makara da minti 12, sai a tsare ta a bakin get, a miƙa mata tsintsiya, ta yi ta shara har a fita daga darasin lissafi. Sannunku da ƙoƙari, masu tarbiyya! An hukunta makara da ƙarin makara.

Ƙanwata aka yi wa haka a makarantarsu. 'Yar SS3 ce, WAEC na ƙofa. Kuma wai har da ce mata malalaciya.

Malalaciya? Yarinyar da kiran assalatu ke tashe ta? Ta ɗebo ruwa, ta dama wa ƙanne koko, ta wanke kwanukan dare, 6:30 tana bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗan sahu ba ya motsawa sai ya cika maƙil. Wata ranar takawa take yi rabin hanya don kar kuɗin abincin tara ya tafi a mota. An tashi ƙarfe 2, lesin har la'asar, daga nan Islamiyya, ga hadda. Da dare ba wuta, da fitilar wayar Umma take bitar tambayoyin shekarun baya har barci ya kwashe ta a kan littafi. Wannan ce malalaciyar.

Na san masu "mu ma haka aka yi mana" suna tafe. To an yi muku, sai me? Ku ajiye. Masu cewa horo ne, ku gaya min wane horo ne zai hana ɗaliba shiga ajin lissafi, alhali ba kiredit a Turanci ba zancen jami'a, kuma fannoni da yawa sai da kiredit a lissafi. Kiredit 5 ake nema, shara ba ta ciki.

Wallahi ban ƙi a tsawata mata ba. A tambaye ta dalili, a bar ta ta shiga aji, in an tashi a ba ta tsintsiyar. Abin da ya ci min rai, da ta dawo ba ta yi kuka ba, cewa ta yi, "Yaya, gobe zan bar kokon kawai."

Af, wai wa ya ƙirƙiro dokar farar safa ne? Cikin ƙurar hunturun Kano? Kullum sai an wanke, ga sabulu ya zama abin da ya zama.