Harajin gado? Ku fara tambayar baffannin marayu

Jiya a wajen addu'ar arba'in a Tudun Wada na ji abin da ya hana ni cin wainar sadaka. Wani dattijo, babbar riga ta sha guga, ya miƙe yana kumfar baki wai gwamnati za ta sa wa dukiyar mamata haraji, wai an taɓa ayar Allah. Jama'a sai "Allah ya isa" suke yi. Wannan bawan Allah fa, duk layin an sani, shekara 9 ke nan yana zaune a kan gidan marigayi ƙanensa, shi ke karɓar hayar shaguna 3 da ke jikin gidan, marayun kuwa suna tallar ruwan leda a Kasuwar Barci. Sannu Alhaji, garkuwar Shari'a!

Tun Oktoban 2024 da Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji ake wannan surutu. Gwamnonin Arewa sun taru nan Kaduna sun yi watsi da tsarin rabon VAT, wato harajin saye da sayarwa, Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji na lokacin, ya yi ta nanata cewa babu harajin gado a ciki, Tinubu ya sa musu hannu a watan Yunin 2025. Ƙasar nan ma ta taɓa yin irinsa a 1979, aka soke shi a 1996. Ni ma ba na so ya dawo, kada wani ya juya min magana. A Ingila kashi 40 cikin 100 suke cira daga abin da ya haura fam 325,000, amma can marayan zai ga asibiti da makaranta. Mu nan me zai gani?

Amma ku ji ni da kyau: harajin gadon da ake karɓa a Kaduna baffa ne ke karɓarsa. Bature kashi 40 ya tsaya. Baffa duka yake haɗiyewa, ba rasit, ba ranar ƙarewa. Takardar gida tana ƙarƙashin katifarsa. Motar mamaci ta zama ta kai 'ya'yansa makaranta. Matar ta fita takaba, ta tambayi tumuninta, a ce ba ta da kunya, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba. 'Ya mace kuwa a ce "ai kina gidan miji, me za ki yi da fili?"

Na san masu zuwa su ce sirrin gida ne. Ku riƙe sirrinku. Masu cewa "yau babu, gobe gwamnati za ta kawo" kuma, sai goben ta yi. Baffa yau yake ci.

Wallahi abin yana min ciwo. Kowa ya haddace aya ta 11 a Suratun Nisa'i, namiji rabon mata biyu. Aya ta 10 fa, wadda ke daf da ita, mai cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu? Ita ba a cika jan baƙinta a majalisa ba. Babban ɗan marigayi ƙanen Alhajin nan na gan shi jiya yana jera wa baƙi tabarmi a ƙofar gidan ubansa, silifas ɗinsa ɗaure da waya, yana ce wa baffan "ranka ya daɗe".

Af, kuma masu abincin sadaka, don Allah ku daina ƙulle waina da zafinta a leda. Kafin a shafa fatiha ta yi gumi ta dame, ga miyar taushen ba gishiri.