Ku daina ce wa mutane "ka yi ta juyawa har ya kama"

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya samu ƙanena. Kwana uku yaron nan yana hawa rufin gida cikin sanyi, sifana a hannu, saboda wani da ke kiran kansa gwani ya ce masa ai kowane dish yana kama kowace tasha, juyawa ce kawai, ya yi ta juyawa har ya ga layi kore a allo. A rana ta uku tsani ya zame da shi, ƙafa ta gurɗe. Da ya kira ni murya a sanyaye ya ce, "Yaya, wallahi na juya shi gabas, na juya shi yamma, ban ga komai ba." Na ce masa ko shekara zai yi a saman nan ba zai gani ba, domin abin da yake nema ba ya sararin samaniyarsa.

Maganar nan ta "ka yi ta juyawa" ƙarya ce, kuma ƙarya mai karya ƙafa. Dish ba ya kiran tauraron ɗan adam. Abin da ya sauko masa kaɗai yake tarawa.

Taurarin talabijin a jere suke saman layin ikwaita, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. A wannan nisan tauraro yana zagaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa yake kamar a kafe wuri guda. Kowanne da mazauninsa: Nilesat a digiri 7 yamma, Hotbird a 13 gabas, Badr na Arabsat a 26 gabas, Astra mai ɗauke da tashoshin Ingila a 28.2 gabas. Duniya kuwa dunƙulalliya ce. Idan tazarar da ke tsakanin inda kake da mazaunin tauraron ta haura digiri 81 ko kusa da haka, to ya faɗa bayan doron ƙasa, kamar ranar da ta riga ta faɗi. Ƙanena yana gabashin Amurka, wajen digiri 74 yamma, yana neman tashoshin Badr da ya saba kallo. Ku haɗa 74 da 26. Ɗari cif. Wace juyawa ce za ta huda ƙasa da teku ta zaƙulo masa shi?

Na san abin da za a ce: ai da ya sayi babban dish. Ko wanda ya kai faɗin rufin gidan ya saya, abin da ke bayan ƙasa yana bayan ƙasa. Girman dish yana da ranarsa, amma a wani wuri daban. Ko tauraro yana samanka, ba ko'ina yake haskawa ba. Kamar tocila yake, inda aka nufa da shi nan ne ke da haske, gefe-gefe kuma dishi-dishi. Wanda ke gefen nan shi ne babban dish ke ceto. Turawan Ingila mazauna kudancin Sifen sun ɗanɗana wannan a 2014, lokacin da BBC ta mayar da tashoshinta kan sabon Astra mai ƙunƙuntaccen haske da aka saita kan Birtaniya. Mutane suka wayi gari allo ba komai, alhali ko ƙusa ɗaya ba ta motsa a jikin dish ɗinsu ba. Da yawa sun kira masu gyara, an juya, an sake juyawa, a banza. Hasken ne aka janye musu.

To me zai hana mutum ya duba taswirar hasken tauraro kafin ya taka tsani? Kamfanonin taurarin suna wallafa ta, kyauta, kuma ana iya gane girman dish ɗin da kowane yanki ke buƙata daga gare ta. Aikin minti biyar ne. Da mutumin nan ya yi shi, da ya ce wa yaron ya nufi Galaxy 19 da ke digiri 97 yamma, inda ake samun tashoshin ƙasashe da dama na kyauta a Arewacin Amurka, ya duba ko abin da yake so yana ciki. Bai yi ba. Ya tura ɗan mutane sama da kalma ɗaya, juya.

Kuma ko koren da ake ta faɗa, yawancin masu faɗarsa ba su san wanne ba ne. Layi biyu ne a allon risiba. Na ƙarfi yana iya tashi ko da dish ɗin bango yake kallo, domin galibi shaida ce kawai cewa LNB, ɗan kan nan da ke bakin sanda, yana samun wuta. Na inganci shi ne magana. In bai motsa ba, ba ka kama komai ba.

Ni ban ce kada mutum ya saita da kansa ba. Na sha yi, kuma akwai daɗi a lokacin da layin ingancin nan ya yi tsalle daga sifili. Amma da lissafi ake hawa. Ka san kusurwar ɗagawa da ta juyawa ta wurin da kake. In kana arewa da ikwaita dish kudu yake fuskanta, in kana kudu arewa yake fuskanta. Sandar da zai zauna a kai ta miƙe sak, in ta karkace duk lissafin ya rushe. Dish mai siffar ƙwai yana kallon sama fiye da yadda idonka ke nuna maka, da digiri ashirin da wani abu, shi ya sa sabon shiga ke ɗaga shi ya wuce wuri. Ka duba lambobin LNB a risiba, 9750 da 10600 ne ga wanda aka fi sani, a Amurka kuma ana yawan samun mai 10750. Sannan ka motsa shi kaɗan-kaɗan, kamar faɗin farce, ka dakata daƙiƙa biyu ko uku risiba ta farga. Taurarin nan wasu digiri biyu ko uku ne tsakaninsu, mai gaggawa sai ya tsallake nasa bai sani ba. In ya kama, ka murɗa LNB a mariƙinsa har ingancin ya ƙaru, ka ɗaure ƙusoshi a hankali kana kallon allo, don ɗaurin kansa yana gusar da saiti.

Masu cewa ai yanzu zamanin intanet ne, wa ke ta dish, ku bari. Mutumin da ke baƙuwar ƙasa yana son ya kunna akwati ya ji harshen da ya saba ba tare da hoto yana tsayawa ba. Buƙatarsa halal ce. Abin da ya cancanta shi ne a gaya masa gaskiya tun farko: wannan zai kamu a inda kake, wancan ba zai kamu ba.

Wani abin kuma da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake barin mahaɗin waya a bakin LNB tsirara. Ruwan sama ya bi ta nan ya shige cikin wayar, tagulla ta yi kore, bayan 'yan watanni tashoshi su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai a sake hawa sama a kwance dish ɗin da lafiyarsa ƙalau. Ɗan robar rufewar nan tare da LNB yake zuwa a kwali. Na ƙanena ma a aljihun rigar sanyinsa ya same shi.