Fata da Fargaba: Gombe da Ingila

Abin da ya fi ba ni mamaki a zamana na Ingila shi ne yadda mutanen da ke da asibitin gwamnati kyauta, da fansho, da wutar lantarki dare da rana, suka fi mutanen Gombe fargabar gobe. A watan Oktoban 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11 cikin ɗari a nan, sai ka ɗauka duniya ce za ta tashi. A Najeriya kuwa ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, amma idan ka kira gida ka tambayi ya kasuwa, amsar ita ce an gode Allah.

Ban yarda da masu cewa wannan sakaci ne ba. Manomin Kaltungo ko Billiri da ke cewa Allah na nan, shi ne kuma yake cika rumbu da kaka, ya ƙi sayar da dawarsa duka, domin ya san watan Agusta na tafe. Matarsa tana zubin adashi, tana kiwon akuya saboda ranar ciwo. Bakinsu yana kyautata zato, hannunsu yana shirin mafi muni, kuma a ganina wannan ya fi inshorar Bature kwantar da hankali, domin shi yana biyan kuɗin kuma bai daina damuwa ba.

Inda muke tuntuɓe shi ne harkar hukuma. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi alkawarin matatar mai da kamfanin taki da tashar lantarki, muka yi ta murna kamar an riga an gina su. Bayan shekara biyu babu matatar, sai da yawa daga cikinmu, musamman matasa, suka koma cewa ƙasar nan ba za ta taɓa gyaruwa ba. Ɗan Ingila da wuya ya yi wannan tsalle daga murna zuwa yanke ƙauna, saboda tun ranar alkawari yake tambayar nawa za a kashe, wa zai biya, kuma yaushe za a gama, sannan ya rubuta wa ɗan majalisarsa idan lokaci ya wuce. Tambayoyin nan uku ba su fi ƙarfin mutumin Akko ko Alkaleri ba, tunda su yake yi wa dillali kafin ya saki buhun masararsa.