Da wace wutar za a yi cajin?

Mai wani labari ya ce bas masu lantarki ne za su raba Yamai da hayaƙi. To, da wace wutar? A 2023 da Najeriya ta yanke layin wutar da take ba Nijar kowa ya sha duhu, kuma babbar tashar wuta ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai ne take ƙonawa, ta hasken ranar megawat 30 ce kacal. Hayaƙin ya bar salansa ya koma can ke nan. Malam mai cewa a hana faba-faba (ƙananan bas na haya), mutanen unguwar Talladje da ƙafa za su zo Babbar Kasuwa? Ni dai a fara da kwancen motocin Turai masu tuƙa baƙin hayaƙi, a riƙa duba injinsu tsakani da Allah kafin a ba su takarda.