Tururin shishar aljihu ba ruwa ba ne, kuma kwamfutarka tana shaƙarsa

Tun makon jiya ake ja-in-ja da ni a ɗakin da muke aiki, saboda na ce wa ƙanina ya daina busa shishar aljihu a kan teburin da kwamfutata take. Shi da abokansa suka ce na cika tsanani. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Haba Yaya, ai wannan ba sigari ba ce, tururin ruwa ne kawai, yana tashi iska ta kwashe shi." Ban tsawaita magana a wurin ba. Amma da yake na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, bari in faɗi tawa a nan, kowa ya auna da kansa.

Maganar "ruwa ne kawai" ita ce tushen kuskuren. Abin da ake zubawa a cikin sigarin lantarki, ko shishar aljihu kamar yadda samari ke kiranta, mafi yawansa sinadarai biyu ne: gilisarin da furofilin gilaikol. Sai a ƙara ɗanɗano na mangwaro ko na'a-na'a ko kankana, galibi kuma da nikotin. A ciki akwai wata 'yar waya da batir ke zafafawa, ita ke mayar da ruwan ya zama wannan farin gajimaren. Gajimaren kuwa ƙananan ɗigo ne na waɗannan sinadarai suna yawo a iska. Idan ido ya daina ganinsu ba duka ne suka ɓace ba, wani ɓangarensu sauka yake yi a kan abin da ke kusa.

Gilisarin ai ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne wanda iyayenmu mata da 'yan'uwanmu ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu don kada fata ta tsage. Duk wanda ya taɓa shafa shi ya san halinsa: yana da danƙo, ba ya bushewa da wuri, kuma yana jawo laima daga iska ya riƙe. Abin da ya sa yake gyara kaushi ke nan. To ka ɗauki wannan hali ka kai shi cikin na'urar da aka ƙera don ta zauna a bushe. Wanda ke busa shishar nan a mota da gilasai a rufe ya san wani hazo mai maiƙo da ke kwanciya a gilashin gaba, wanda in ka goge da hannu sai ya ƙara dagulewa. Shi ne dai yake kwanciya a fuskar kwamfuta da tsakanin madannai.

Na fuska ma da sauƙi, tunda ana gani a goge. Damuwata tana ciki.

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da fanka. Aikinta ta zuƙo iska ta ramukan ƙasa, ta tura ta tsakanin wasu siraran haƙoran ƙarfe masu kama da matsefi, waɗanda bututun jan ƙarfe ke kawo musu zafin ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan iskar ta fita ta gefe ko ta baya da zafinta. Fanka ba ta zaɓe. Abin da ke cikin iskar teburinka shi take ja. Idan kana zaune kana aiki kana busawa, bakinka bai wuce kamu biyu daga ramukan nan ba, kuma lokacin da kake aiki mai nauyi, kamar haɗa bidiyo ko wasan gem, lokacin ne ta fi zuƙa da ƙarfi. Wato daidai sa'ar da mutum ya fi nutsuwa yana busa a kai a kai, ita ma a sa'ar ta fi buɗe baki.

A nan ne nake ganin lamarinmu ya bambanta da na mai zama a ƙasar da ba ta da ƙura. Mu ƙura abokiyar zamanmu ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa, da safe za ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Busasshiyar ƙura ita kaɗai tana da sauƙin sha'ani: wata ta shiga ta fita, wadda ta maƙale kuma mai gyara ya hura mata iska ta tashi. Amma idan fukafukan fanka da haƙoran ƙarfen nan suka yi danƙo, duk ƙurar da ta zo wucewa sai ta manne. Wata ta hau kan wata, har ta zama wani abu kamar tsumma mai maiƙo da ya toshe hanyar iska. Wannan hurawa ba ta fitar da shi, sai an kwance an wanke. Na tsaya a kan mai gyara yana buɗe kwamfutar wani abokin aikina mai yawan busa shishar nan, na ga abin da ya ciro da tsinke daga bakin fankar. Ba irin ƙurar da na saba gani a tawa ba ce, wannan tana kama yatsa, har da ɗan ƙamshin alawa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Iska ta ragu, zafi ya taru, fanka ta riƙa ihu kamar za ta tashi sama. Ƙwaƙwalwar kwamfuta an gina ta da dabarar kare kanta: idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, sai ta rage gudu da kanta, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Mai ita kuma sai ya ce ta tsufa, ko ta kamu da bairos, ya je ya biya kuɗin sake mata Windows, alhali numfashi ne ya gagare ta. Batirin lithiyom da ke kwance a gefen wannan zafi shi ma ƙarfinsa raguwa yake yi da sauri, domin zafi na cikin manyan abubuwan da ke tsufar da shi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batir mai riƙe caji shi ne rabin darajar kwamfuta.

Sai kuma damina. Tunda gilisarin mai jawo laima ne, ƙurar da ta jiƙe da shi tana iya zama da danshi a kan bod, wato allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, da bakin ramukan caji, danshi a kan ƙarfe kuwa hanyar tsatsa ce. Wannan ba ya faruwa dare ɗaya, amma ba abin da zan so in gwada da kayan sana'ata ba ne.

Zan yi adalci, domin yaran nan suna da gaskiya ta wani ɓangare. Busa ɗaya ko biyu ba za ta kashe kwamfuta ba. Wanda ya busa a falo mai faɗi, taga a buɗe, kwamfuta na can nesa, da wuya ya ga wani bambanci. Hayaƙin sigari ta gargajiya ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, saboda kwaltar da ke cikinsa, wadda ke rina komai ruwan ƙasa ta bar wari mai naci. Akwai kuma kwamfutocin da ba su da fanka sam, irin MacBook Air da Apple ke fitarwa tun daga mai ƙwaƙwalwar M1 ta 2020, waɗannan ba sa zuƙar iska, sai dai abin ya tsaya a fuska da madannai. Duk na yarda. Amma su wa ke busa ɗaya su ajiye? Sigari tana da ƙarshe, in ta cinye an jefar. Wannan kuwa tana hannu tun safe har dare, a ɗaki rufe saboda sanyin na'ura ko saboda kada manya su gani. Ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe, awa shida, kullum. Yau da gobe ai ba ta bar komai ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da shishar nan ke cutar kwamfuta ba ta hayaƙi ba, kuma su sun fi saurin aukuwa. Ruwanta yana yoyo, musamman in ta sha zafi ko ta kwanta a karkace. A jefa ta cikin jaka ɗaya da kwamfuta, a hau babur cikin rana, ruwa mai danƙo ya silale cikin ramin caji ko ƙarƙashin madannai. Ɗayar kuma ita ce cajinta a jikin kwamfuta. A cikinta akwai batirin lithiyom, shi ya sa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa ta a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi, sai dai a riƙe ta a hannu. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa a shagunanmu ba ka san wanda ya ƙera su ba. Ni ba zan jona abin da ban san asalinsa ba a jikin na'urar da nake ci da iyalina da ita.

Abin da ya fi taɓa ni a musun nan shi ne, kwamfutar ba tasu ba ce. Na yi wata da watanni ina tara kuɗinta, kuma ta hannu ce ma ba sabuwa ba. Kowa ya san yadda canjin dala ya mayar da farashin kayan nan. Fanka in ta lalace sai an yi sa'a a samu irinta a kasuwa, wani lokaci sai an jira an ciro daga wata matacciya. Mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama da kayansa, amma idan ka zauna kusa da kayan wani kana busa masa abin da zai rage musu kwana, ka shiga haƙƙinsa ko da ba ka yi niyya ba. Haka abin yake a shagon buga takardu, da ɗakin kwanan ɗalibai inda mutum huɗu ke karatu a tebur ɗaya. Maganar abin da nikotin ke yi wa ƙirjin yaro ɗan shekara 19 kuwa, wannan na yi ta da ƙanina mu biyu, kuma zan ci gaba da yi.

Wanda ya riga ya saba busawa a gaban tasa, abin da zan ce masa shi ne ya tashi ya fita waje, ko aƙalla ya buɗe taga ya juya mata baya. Ya daina ɗora ta a kan katifa, don ramukan ƙasa su samu iska. Fuskar a kashe kwamfutar a goge da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi, kada a fesa mata komai kai tsaye. Idan kuma fanka ta fara ƙara fiye da da, ko ƙasan yana ƙona cinya, a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke fankar da haƙoran ƙarfen da sipirit, ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da bututun. A gaya masa gaskiya cewa ana busa shisha kusa da ita, don ya san hurawa kaɗai ba za ta wadatar ba.

Ƙanina dai yanzu a baranda yake busa abarsa. Tawa kwamfutar kuma na riga na yi magana da mai gyara, ranar Asabar zan kai masa ya buɗe mu ga abin da wata uku na zama tare suka tara a ciki.