Farar wuta ga ta nan jibge a Jubail ta Saudiyya

Wani labari da na gani ya ce masana suna gyara ilektirod, wato ɓangaren da lantarki ke shiga da fita ta cikinsa, na batirin da ake yi da sodiyam da farar wuta, don batirin ya daɗe bai mutu ba. Madalla. Mu da ke aikin sola a nan Jidda mun san abin da zafi ke yi wa batir. Ka buɗe ɗakin inbata da azahar a watan Yuli, bugun zafin da zai tarbe ka kawai ya ishe ka bayani.

Batirin ba sabo ba ne. Kamfanin Ford ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960, NGK na Japan ya kai shi kasuwa, har Abu Dhabi ta kafa na megawat 108. Amma irin wancan sai an gasa shi zuwa digiri 300 kafin ya yi aiki, don haka ba na gida ba ne. Wanda ake fafutukar samu yanzu shi ne mai aiki ba tare da an dumama shi ba, kuma nan gizo ke saƙa: farar wuta ba ta ɗaukar lantarki, tana kumbura idan ta haɗu da sodiyam, wani ɓangarenta kuma ya narke ya tsallaka ɗaya gefen batirin ya lalata shi. Shi ya sa ake cusa ta cikin kabon mai ƙananan ramuka don ya riƙe ta.

Abin da ke cina shi ne, farar wutar da ake tacewa daga gas da ɗanyen mai, jirgi ake lodawa a fitar waje. Gishiri kuwa, wanda daga shi ake samun sodiyam, masana'antun tace ruwan teku kullum mayar da shi suke yi cikin teku. Ya kamata jami'o'in Saudiyya su shiga wannan bincike da gaske, 'yan'uwa injiniyoyi kuma mu fara koyon aikinsa tun yanzu.